Kafin a yanke wa birenbos hukunci: gano laifinsa da canza shi

A garejojin Zariya, daga Sabon Gari har Tudun Wada, idan mota ta ƙi tashi, aka canza fulogi, aka canza famfon mai, aka wanke nozul duk a banza, maganar da ke biyowa baya sananniya ce: "Alhaji, sai haƙuri, birenbos ne." Daga nan sai a tashi yaro zuwa Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ya nemo na Baljiyam. A ɗaura, mota ta ci gaba da kwanciyarta, ko ta tashi ta yi kwana uku sabon ma ya bi tsohon. An bar jaki ana dukan taiki ke nan. Birenbos, wato kwamfutar da ke sarrafa injin mota, shi ne abu na ƙarshe da ya kamata a zarga, sai an tabbatar da lafiyar duk abin da ke ba shi wuta da duk abin da shi yake ba wa umarni.

Dalili kuwa, babu abin da ke motsi ko gogayya a cikinsa. Allo ne a cikin akwatin ƙarfe, yana karɓar labari daga sensar kiranshaf, ta kamshaf, ta zafin ruwa, ta iska, ta totur da ta hayaƙi, ya yi lissafi, ya ce wa koyil ga lokacin ba da wuta, ya buɗe nozul na kamar kashi 2 zuwa 4 cikin dubu na daƙiƙa idan inji yana silo. Abu ɗaya da ya kamata mai rewaya ya riƙe: yawancin abubuwan da yake sarrafawa ba shi ke tura musu volt 12 ba. Nozul yana samun wutarsa ne daga rile, birenbos at (layin nagetif da ke kama jikin mota) kawai yake haɗa masa ya sake. Wanda bai san wannan ba zai ga wuta a soket ɗin nozul ya ce komai lafiya, ko ya rasa ta ya ce akwatin ya ƙone, alhali fiyus ne.

Inda yake zaune ya danganta da motar. Corolla ta 2003 zuwa 2008 da Camry ta 2002 zuwa 2006, yana bayan aljihun dashbod a gefen fasinja. Waɗanda suka biyo bayansu an mayar da shi cikin bonet. Peugeot 406 ma cikin bonet yake a akwatinsa na roba. Golf 3 kuwa yana ƙarƙashin murfin waifa, gindin gilashin gaba, wurin da ganye da ƙura ke toshe magudanar ruwa.

Gwajin farko ba ya buƙatar kayan aiki. Murɗa makulli har fitilun dashbod su kama, kada ka yi kik. Fitilar cek ta kama? Idan ta kama, galibi birenbos yana samun wuta, kuma aƙalla ya farka. Idan sauran fitilu sun kama ita kaɗai ta ƙi, ko dai ba ya samun wuta, ko wani ya cire ƙwan don ya sayar da mota, abin da ba baƙo ba ne a motocin hannu. Kasa kunne kuma wajen tanki: a Honda da Volkswagen da Peugeot famfon mai yakan yi gurnani na kamar daƙiƙa 2 ya tsaya. Toyota da yawa ba sa yin haka, famfonsu sai inji ya fara juyawa yake kamawa, don haka shirun Corolla ba hujja ba ne. A wasu motocin fankar lagireto takan tashi da cikakken ƙarfi da zarar an murɗa makulli idan birenbos bai amsa ba. Alama ce mai amfani, sai dai mu nan mun kashe ta da hannunmu, tunda motocin gari da yawa an riga an haɗa musu fanka kai tsaye.

Sai batir. Cikakken batir yana nuna volt 12.6 a mita, 12.2 kusan rabi ke nan. Lokacin kik kada ya sauka ƙasa da 9.6, domin idan ya faɗi sosai birenbos yakan mutu ya farfaɗo a tsakiyar kik ɗin, inji ya yi ta juyawa babu wuta babu mai. Idan mota tana tashi, auna caji: 13.5 zuwa 14.7 shi ne daidai. Ka ga 15.5 ko 16, kashe inji nan take, altaneta ce ke dafa kayan wutar motar. Ka juya mita zuwa AC ka sake aunawa a kan batir ɗin, abin da ya kusanci rabin volt yana nuna dayod ɗin altaneta ya lalace, kuma wannan ƙazamar wutar kaɗai tana iya sa mota misin da kawo lambobin laifi marasa kan gado.

Fiyus da rile na biye. A Toyota ka nemi wanda aka rubuta wa EFI, da IGN, da rilen EFI ɗin kansa. Kada ka tsaya ga kallon ido, auna kowane fiyus ta gefe biyu. Idan ka tarar an naɗa masa zaren waya, ka san akwai shot a wani wuri da ba a taɓa nemowa ba, rufe masa baki kawai aka yi.

A nan ne aikin gaske yake, kuma nan ne aka fi tsallakewa. Samo zanen wayoyin motar, na wannan shekarar da wannan injin, ka je soket ɗin birenbos. Akwai wayar da ke da wuta kullum, Toyota na kiranta BATT, ita ke riƙe masa abin da ya koya. Akwai wadda ke kawo wuta idan an murɗa makulli, +B. Sai wayoyin at, irin su E1, waɗanda ke kama jikin inji. Mita ita kaɗai tana yaudara: wayar da ta rube saura gashi ɗaya za ta nuna maka volt 12 cif, amma ba za ta iya ɗaukar kaya ba. Cire soket ɗin, ka haɗa ƙwan birki mai wat 21 tsakanin wayar wutar da wayar at ɗin. Ƙwan yana jan kusan amp 2. Ya haska tar, layin lafiya. Ya yi ja-ja kamar garwashi, akwai tsatsa a hanya. Sannan ka mayar da soket, ka sa baƙar wayar mita a kan batir na nagetif, ja kuma a bayan ƙafar at ta birenbos, wani ya yi kik. Ya kamata ka ga ƙasa da volt 0.1. Ka ga 0.4 ko 0.8, bi wayar har inda aka ɗaure ta a jikin inji. Galibi za ka tarar an taɓa sauke inji ko an canza gasket, yaran gareji suka bar kusar a kwance, ko suka ɗaure ta a kan fenti. Kankare wurin, ɗaure da sifana 10, kuma motar da aka ce birenbos ɗinta ya mutu ta tashi a kik ɗaya.

Ka lura, daga bayan soket ake auna waɗannan, da siririyar allura a gefen robar. Kada ka huda jikin waya, damina na zuwa ruwa zai bi hujin ya cinye ta daga ciki. Kada kuma ka cusa bakin mita ta gaba, ramin zai buɗe ya daina kama ƙafa, ka ƙirƙiri sabon ciwo mai zuwa yana tafiya.

Daga nan sai volt 5. Birenbos yana rage wutar batir zuwa volt 5 ya raba wa sensoshi da yawa a layi ɗaya, Toyota na kiran layin VC. Sensa guda idan ta yi shot a cikinta, sai ta ja layin gaba ɗaya ƙasa, kuma a motoci da dama hakan yana kwantar da birenbos ɗin kansa: fitilar cek ba ta kamawa, sikana, na'urar karanta laifin mota, ba ta shiga, babu wuta a fulogi. Kama da mutuwa sak. Sa mita a wayar volt 5 ta sensar totur. Idan ka ga sifili ko volt 1 da wani abu, fara zare sensoshi ɗaya bayan ɗaya, idonka a kan mita: ta totur, ta fedal, ta matsin iska, ta matsin gas ɗin esi, ta tanki. Wadda ka zare 5 ya dawo, ita ce ɓarauniyar. Ka zare duka bai dawo ba, cire soket ɗin birenbos ka auna ko wayar ta goge ta taɓa jiki, ko ɓera ya ci ta. Sai waya ta fita tsaf sannan za a ce na'urar volt 5 ta cikin akwatin ce ta ƙone.

Idan sikana ta ce ba ta samu hanya ba, fara da soket ɗin gwajin da ke ƙarƙashin sitiyari. Ramuka 16 ne, tsarin OBD-II da ya zama dole a Amurka tun 1996, a Turai kuma motocin fetur tun 2001. Rami na 16 wutar batir ne, na 4 da na 5 at. Babu wuta a 16, fiyus ne, ba ruwan birenbos. A motocin da ke amfani da layin CAN, wayoyi biyu da kwamfutocin mota ke magana ta kansu, wanda ya zama dole a Amurka daga 2008, cire kan batir ka auna tsakanin rami na 6 da na 14. Ohm 60 shi ne lafiya, domin akwai masu ohm 120 guda biyu a ƙarshen layin, ɗaya sau da yawa a cikin birenbos. Ka ga 120, gefe ɗaya ya yanke. Ka ga kusan sifili, wayoyin biyu sun haɗe. Wata kwamfutar daban, ta birki ko ta dashbod, tana iya toshe layin kowa ya yi shiru, shi ya sa lambar U0100 ke nufin an daina jin birenbos kawai, ba ta ce ya mutu ba. Tsofaffin motoci da yawa kuma ta rami na 7 suke magana, kuma ƙananan sikanan nan na waya ba kowace suke fahimta ba. Gwada wata na'urar kafin ka yi magana.

Sikana ta shiga? Duba gudun inji lokacin kik. Ya kamata ya nuna 150 zuwa 300. Sifili na nufin labarin kiranshaf ba ya isowa, kuma P0335, lambar laifin sensar kiranshaf, ta fi birenbos kwantar da motoci nesa ba kusa ba. Duba fitilar makulli ma. Idan tana ci gaba da ƙyaftawa bayan an sa makulli, ko inji ya tashi daƙiƙa 2 ya mutu, imobilaiza, na'urar hana sata da ke tantance makulli, ita ce ta hana, wataƙila ƙwayar cikin makullin ta faɗi lokacin da aka canza masa gida.

Lambobin da ke nuna cikin akwatin su ne P0601 zuwa P0607. Ba nauyinsu ɗaya ba. P0603 takan fito don kawai an cire batir ko wayar BATT ta yanke. P0606 ma raunin wuta na iya kawo ta. Amma P0601, P0604 ko P0605 da aka goge suka dawo nan take, alhali wuta da at sun ci jarrabawa, wannan shaida ce mai ƙarfi.

Akwai kuma rabin mutuwa, wadda ta fi yawa. Mota na tashi amma silinda ɗaya ba ya aiki. An musanya koyil da na maƙwabcinsa, misin bai koma can ba. An musanya nozul, haka. Ƙarfin matsin silindan lafiya, waya lafiya daga soket zuwa soket. Sa ƙaramar fitilar LED a ƙafar birenbos da ke kula da wannan nozul ɗin: sauran ukun na ƙyaftawa, ita shiru, to tiransistar wannan layin ta ƙone. Wani lokaci a haɗe take ƙonewa, nozul ya zauna a buɗe yana zuba fetur har silinda ya cika. Idan ka ji warin mai ya yi yawa kuma kik ya yi nauyi farat ɗaya, kada ka sake murɗawa, zare fulogi tukuna, in ba haka ba konrod zai lanƙwashe. Mota mai mutuwa idan ta yi zafi ta tashi bayan ta huce kuwa, gwada busa wa akwatin iska mai ɗumi ko ƙwanƙwasa shi da gindin sukudireba inji na silo. Ya yi tuntuɓe, dalma ta tsage a allon. Wannan ciwon ne ya sa Toyota ta nemi a dawo mata da Corolla da Matrix sama da miliyan 1 na 2005 zuwa 2008 don gyara a watan Agustan 2010, kamfanin General Motors ma ya yi haka da Pontiac Vibe da ke da inji iri ɗaya, kuma irin waɗannan motocin sun cika titunanmu. RAV4 ta 2001 zuwa 2003 ita kuma nata birenbos ɗin giya yake sa wa bugu, mutane su sauke giyabos mai lafiya a kan laifin da ba nasa ba.

To an tabbatar ya mutu. Tambayar da ta rage ita ce me ya kashe shi, domin abin yana nan cikin motar yana jiran na gaba. Babbar al'adar da ke cin birenbos a garin nan ita ce tada mota da batirin aro, sannan a zare shi inji na aiki a mayar da na motar. Batir ne ke shanye tashin wutar altaneta, a 'yan daƙiƙun da babu shi wutar na iya haurawa ninki da yawa. Haka "gwajin" altaneta ta hanyar zare kan batir, wanda aka gada daga zamanin 504 mai kafireto. Sai juya kan batir da dare, jona daga babbar mota mai volt 24, walda a salansa ko bodi ba a cire batir da soket ɗin birenbos ba, da wankin inji da ruwan matsi. Ruwan Agusta ma na da nasa kason, ko ta magudanar waifa da ta toshe, ko ta bututun esi da ke ɗiga a ƙafar fasinja. Idan tiransista ce ta ƙone, auna abin da take sarrafawa. Nozul na yawancin motocin fetur yana tsakanin ohm 11 da 16, wanda ya nuna 3 ko 4 shi ne makashin. Koyil mai arha da ya kumbura ko ya tsage, a jefar da shi tare da tsohon akwatin.

Buɗe akwatin ka duba, ka sunsuna. Warin ƙuna, farin gishiri ko kore-kore a ƙafafu, kafasita da ta kumbura ta zubar da ruwanta a kan allo, wanda ya yi yawa a motocin Japan na shekarun 1990. Kafasita, tiransista da tsagaggiyar dalma duk ana gyarawa a wurin mai hannu mai kyau, kuma gyaran ya fi sauƙi tunda makulli da bayanan motar na nan yadda suke. Allon da ya ƙone ya huje, ko ruwa ya kwana a ƙarƙashin babbar ƙwayar, kada a ɓata kuɗi.

Wajen saye, kamannin akwati da shigar soket ba sa nufin komai. Lamba ake bi. Ta Toyota galibi tana farawa da 89661, ta Honda da 37820, ta Bosch a motocin fetur da 0 261, ta Volkswagen kuma za ka ga 906 a tsakiya. Haruffa da lambobin ƙarshe su ke bambanta otomatik da manuwal, ɗan Amurka da ɗan Turai, mai imobilaiza da marar ita. Ɗauki tsohon a hannu zuwa kasuwa, ko hoton takardar jikinsa mai kyau. Duba kusoshin na sayarwa ko an taɓa buɗe shi, ka haska ƙafafun da tocila. Ku yi magana a fili kafin kuɗi su fita: "Oga, in bai yi ba zan dawo da shi," kuma a sa masa alama a gabanku. Peugeot masu BSI, akwatin da ke kula da kayan wutar jikin mota, irin 206 da 307 da 406 na baya-baya, birenbos da BSI da makulli a ɗaure suke da lambar sirri mai haruffa 4. Ko dai a sayo saitin gaba ɗaya daga mota ɗaya, ko a kai wa mai kwamfuta ya kwafe bayanan tsohon zuwa sabon, ko ya wanke shi ya koma kamar bai taɓa hawa mota ba.

Ɗaurawa ba ta da wuya. Zare makulli, cire kan batir na nagetif, ka jira minti 3, musamman idan aikin a bayan dashbod ne kusa da jakar iska. Soket ɗin na da maɗauri, ɗaga shi, kada ka ja ta waya. Fesa maganin wanke soket, bar shi ya bushe. Lokacin hunturu jiki na tara wuta saboda bushewar iska, irin wadda ke tsikarinka idan ka taɓa ƙofar mota, don haka taɓa ƙarfen bodi kafin ka ɗauki akwatin, kuma yatsa kada ya kai ga ƙafafunsa. Ɗaure duk kusoshinsa kafin a mayar da batir, wasu ta jikinsu suke samun at da sanyaya.

Saura gabatar da shi ga motar. A Toyota da yawa masu akwatin imobilaiza daban, ana haɗa rami na 4 da na 13 na soket ɗin gwaji da guntun waya, a murɗa makulli ba tare da kik ba, a bar shi minti 30 cif, a kashe, a zare wayar, a tada. Ƙirga ramukan sau biyu, 16 na kusa kuma wuta ce a cikinsa. Wasu tsofaffin Toyota kuwa makullan a cikin birenbos ɗin suke, a ƙaramar ƙwaya mai ƙafa 8 irin 93C56, sai an kwafe ta ko an sake rubuta ta. Honda da Volkswagen sai da na'ura. Duk wanda zai yi rubutu a ciki ya fara adana kwafin tsohon da na sabon, a jona caja mai tsayayyar wuta a batir, laftof ma cike da caji, domin wuta ta yanke a tsakiyar rubutu akwatin ya zama dutse. Masu cewa "bari kawai a kashe imobilaizar" suna sauƙaƙa wa kansu aiki ne, su bar mai mota da abin da kowane yankakken makulli zai tayar. Idan P0630 ta fito, lambar bodin motar ce ba a shigar ba.

Mota ta tashi, silo na iya hawa da sauka, sabon bai san wannan injin ba tukuna. Wanke totur kafin a fara. A Honda ana riƙe inji a 3,000 har fanka ta kama, sannan a bar shi silo minti 5, babu esi babu fitila. Volkswagen sai an daidaita totur da sikana. Goge lambobi, ka fita da ita hanya sikana na jone, daga Kwangila zuwa Samaru a dawo ya isa a samu gudu da tsayawa. Duba caji bai wuce 14.7 ba, volt 5 na tsaye, gyaran man da birenbos ke yi bai wuce kashi 10 sama ko ƙasa ba. Kashe ta da zafinta, jira minti 10, sake tadawa, ka sake karanta lambobi. A Golf a zuba ruwa bokiti ɗaya a gindin gilashi a ga ya fita ta ƙasa kafin a rufe murfin waifa. Tsohon akwatin kuma a miƙa wa mai mota ya ajiye a gida, ko ya ƙone, bayanan makullinsa na iya kasancewa a ciki.